Maiƙon da ke Kai Saƙo a Ƙwaƙwalwa: Tambayoyi da Amsoshi

Idan aka ambaci mai ko kitse a zancen lafiya, abin da ke fara zuwa zuciyar yawancinmu shi ne teɓa da hawan jini da gargaɗin likita a kan soye-soye. Ba kasafai ake tuna cewa da maiƙo aka gina ƙwaƙwalwa kanta ba, balle a san cewa wani ɗan kaso na wannan maiƙon aikinsa shi ne isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin halitta, kuma da irin wannan saƙon ne jiki yake tayar da zazzaɓi, ya kawo barci, ya rage raɗaɗi ko ya ƙara shi. Tambayoyin da ke tafe irin waɗanda ɗaliban kimiyya a Samaru da masu jinyar 'yan uwa a Shika da iyayen yara a cikin birnin Zariya suke yawan yi ne, kuma amsoshin ba su ɗauke wa kowa zuwa ganin likita ba.

Da gaske ne ƙwaƙwalwa kitse ce?

Idan aka cire ruwan da ke cikinta, rabin abin da ya rage ko fiye da haka maiƙo ne, kuma duk wanda ya taɓa fasa kan rago bayan Layya ya ga laushinta da farinta. Sai dai ba irin kitsen da ke taruwa a ciki ko a cinya ba ne, wanda jiki yake ajiyewa don ya ƙona a lokacin yunwa. Maiƙon ƙwaƙwalwa kayan gini ne: da shi aka yi tantanin da ya kewaye kowace ƙwayar jijiya, da shi kuma aka yi mayelin, wato farin rufin da ke naɗe da jijiyoyi domin saƙo ya yi gudu, wanda kashi 70 cikin ɗari ko fiye na busasshen nauyinsa maiƙo ne. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin baligi ba, amma tana riƙe da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na dukkan kolestarol da ke jikinsa. Wani likita Bajamushe da ya yi aiki a Landan, Johann Thudichum, shi ne ya yi fice wajen rarrabe ire-iren maiƙon nan, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1884.

To, ta yaya maiƙo zai zama saƙo?

A nan ne asalin maganar take. Yawancin sinadaran da jijiyoyi ke aika wa juna, irin su dofamin da gulutamet, ana haɗa su ne tun da wuri a adana su a cikin wasu ƙananan jakunkuna har sai an buƙace su. Maiƙo ba ya zama a jaka irin wannan, domin yana ratsa tantani. Saboda haka sai lokacin da buƙata ta taso ne wani enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai a jiki, yake yanko ɗan guntu daga tantanin ƙwayar halittar kanta, wani enzayim ɗin ya sarrafa guntun, sannan ya fita ya manne a makarɓinsa a jikin ƙwayar da ke kusa, kuma cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci an rushe shi. Turomboksen, wanda ke sa jini ya daskare, rabinsa yana lalacewa cikin kusan daƙiƙa 30. Idan sinadari irin insulin shelar Sankira ce da duk gari ke ji, to saƙon maiƙo maganar maƙwabta ce ta kan katanga, wadda gida biyu kaɗai suka ji, kuma da an faɗa ta wuce.

Guntun da aka fi yankowa shi ne asid ɗin arakidonik, kuma daga gare shi ake samun furostagilandin da lukotirayin da turomboksen. Akwai dangin da ke kama da sinadarin tabar wiwi a aiki, akwai waɗanda ke fitowa daga wani maiƙon tantani mai suna sifingolifid, akwai waɗanda ake ƙerawa daga kolestarol, akwai kuma waɗanda ba sa fita waje sam, a cikin ƙwayar halittar suke aikinsu. A wannan rukuni na ƙarshe, Michael Berridge na Kambirij ya nuna a farkon shekarun 1980 cewa tsaga wani maiƙo na tantani yana sakin sinadarin da ke buɗe ma'ajiyar kalsiyam ta cikin ƙwaya, ɗaya ɓarin kuma yana tayar da enzayim ɗin da Yasutomi Nishizuka na Japan ya gano a 1977. Litiyam, maganin da ake bai wa masu larurar hawa da saukar yanayin zuciya tun bayan aikin John Cade na 1949, yana rage gudun wannan zagayen, kuma masana da yawa suna ganin hakan na daga cikin sirrin aikinsa. Dalma ma tana shiga wannan hanya tana kwaikwayon kalsiyam, wanda yake ɗaya daga cikin dalilan da suka sa gubarta ta yi wa ƙwaƙwalwar yaran ƙauyukan Zamfara mummunar illa a 2010.

Mece ce alaƙar wannan da zazzaɓin da ke kama yaranmu?

Alaƙa ce ta kai tsaye. Lokacin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko ta sanƙarau ta shiga jiki, garkuwar jiki tana fitar da sinadaran faɗakarwa, su kuma su sa ƙwayoyin da ke shimfiɗe a jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ƙera furostagilandin mai lamba E2. Shi ne yake isa wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus, inda ake daidaita zafin jiki, ya ɗaga ma'aunin sama. Daga nan jiki yake ganin kamar ya yi sanyi da yawa, sai yaro ya kama kyarma yana neman bargo alhali jikinsa rau yake da zafi. Abin lura ma shi ne, abin da ke tayar da garkuwar jikin a jikin ƙwayar sanƙarau shi ma wani maiƙo ne da ke fatarta.

John Vane na Ingila ya nuna a 1971 cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana ƙera furostagilandin, kuma a 1982 aka ba shi kyautar Nobel tare da Sune Bergström da Bengt Samuelsson na Suwidin. Farasitamol ma yana rage wannan sinadari a ƙwaƙwalwa, shi ya sa zafi ke sauka. Amma saukar zafi na nufin an katse saƙon ne kawai, ƙwayar cutar tana nan tana hayayyafa, don haka uwar da ta ga zazzaɓi ya sauka bayan sirof ta fasa zuwa gwajin jini ta yi ganganci. Asfirin kuwa ba a bai wa yara da matasa masu zazzaɓi, saboda haɗarin wata larura da ke kumbura ƙwaƙwalwa ta lalata hanta. Ba kuma kowane lokaci ne danne kumburi yake taimako ba: a wani gwaji da aka yi a Tailan aka wallafa a 1982, an ga cewa deksametason, wanda ke toshe wannan hanya tun daga tushe, tsawaita suma ya yi ga waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa.

An ce har barci yana da nasa maiƙon. Haka ne?

Haka ne. Osamu Hayaishi na Japan da abokan aikinsa sun nuna a shekarun 1980 cewa furostagilandin mai lamba D2 yana sa dabba barci idan ya yawaita a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Yana yin haka ne ta hanyar ƙara wani sinadari mai suna adenosin, wanda shi ne sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi yake tare wa hanya. Mutanen ƙasar Zazzau suna da tarihi da wannan batu, domin ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa ya addabi lardin har Turawan mulki suka ƙaddamar da shirin Anchau a ƙarshen shekarun 1930, aka share bakin rafuka aka tayar da jama'a aka kafa Takalafiya. Shekaru da yawa bayan haka, a 1990, aka ba da rahoton cewa wannan furostagilandin ya yi yawa ƙwarai a ruwan lakar waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu, daga baya kuma aka gano ita kanta ƙwayar cutar tana iya ƙera irinsa.

Idan ƙwaƙwalwa tana ƙera sinadari irin na tabar wiwi, me ya sa ake cewa wiwi na da illa?

Wannan tambaya ce da matasa suke yawan kafa hujja da ita, kuma ta cancanci amsa a tsanake. Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni sun tantance sinadarin da ke bugarwa a wiwi, THC, a Isra'ila a 1964. A 1990 aka gano cikakken tsarin makarɓinsa a ƙwaƙwalwa, wanda ake kira CB1, sai masana suka tambayi kansu dalilin da zai sa jikin ɗan Adam ya tanadi makarɓi don wani ganye. Amsar ta zo a 1992 da gano anandamayid, sannan a 1995 aka gano na biyu, 2-AG, dukkansu maiƙo ne da jiki ke ƙerawa daga dangin arakidonik.

Aikinsu kuwa na ban mamaki ne, domin baya suke tafiya. A ƙa'ida saƙo yana tashi ne daga jijiya ta farko zuwa ta biyu, amma idan ta biyun ta ji saƙon ya yi mata yawa, sai ta yanko 2-AG daga tantaninta ta tura wa ta farkon domin ta sassauta. Wannan yana faruwa ne a mahaɗa guda, na 'yan daƙiƙoƙi, a daidai lokacin da ake buƙata, kuma da shi ƙwaƙwalwa ke kare kanta daga wuce gona da iri, take daidaita tsoro da raɗaɗi da sha'awar abinci, take kuma tace abin da za a tuna da wanda za a manta. THC da aka zuƙa kuwa yana mamaye dukkan makarɓan a lokaci guda, na sa'o'i, ba tare da la'akari da wace mahaɗa ce ke buƙata ba. Makarɓan CB1 sun yi yawa a sashen da ke riƙe sabon karatu da sashen da ke daidaita motsi, shi ya sa mai shaye-shaye yake manta abin da aka gaya masa yanzu, kuma tuƙinsa yake zama haɗari. Idan abin ya zama na kullum, ƙwaƙwalwa tana rage yawan makarɓan, sai saƙon nata na asali ya raunana. Bincike ya daɗe yana nuna cewa shan wiwi mai ƙarfi kullum, musamman ga wanda ya fara tun yana ɗan sakandare, yana ƙara haɗarin taɓin hankali, kuma ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai an haura shekara ashirin. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a kan shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Najeriya, saboda haka maganar ba ta 'yan tsiraru ba ce.

Toshe hanyar ma ba ta haifar da ɗa mai ido ba. A 2006 Turai ta amince da rimonaban, maganin rage ƙiba da ke rufe CB1, amma a 2008 aka janye shi saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki mai tsanani har da tunanin kashe kai. A watan Janairun 2016 kuma, a birnin Rennes na Faransa, wani maganin gwaji da aka yi don hana rushewar anandamayid ya kashe mutum ɗaya ya raunata ƙwaƙwalwar wasu.

Amma ai an ce ana maganin farfaɗiya da wiwi a ƙasashen waje?

Abin da Amurka ta amince da shi a 2018 shi ne kanabidiyol, wani sinadari na daban da aka tace daga ganyen, wanda ba ya bugarwa, ana auna shi da ma'auni, kuma an fara ba da izininsa ne don nau'i biyu na farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Hayaƙin da ake zuƙa a lungu ba shi ba ne. Maiƙo dai ya daɗe a maganin farfaɗiya: tun 1921 Russell Wilder na asibitin Mayo ya tsara abinci mai yawan mai da ƙarancin sitaci ga yaran da cutar ta gagara, kuma har yau ana amfani da shi a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Balfuro'et, wanda ake rubuta wa masu farfaɗiya da yawa a asibitocinmu, shi kansa ɗan ƙaramin asid ne na dangin mai, sai dai yana iya nakasa ɗan tayi, don haka macen da ke shan sa ta sanar da likita kafin ta ɗauki ciki, kada kuma ta daina da kanta. Yana da kyau a ƙara da cewa farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓa mai ita, ko da yake har yanzu akan ga mutane suna darewa idan wani ya faɗi a kasuwa.

Wace rawa maiƙon nan ke takawa a shanyewar ɓarin jiki, kuma a ba wanda ya faɗi asfirin nan take?

Kada a ba shi. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: wadda gudan jini ya toshe jijiya, da wadda jijiya ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, kuma da ido ba a iya bambanta su sai an ɗauki hoton kai da na'urar CT. Asfirin yana hana ƙwayoyin daskarar da jini ƙera turomboksen, kuma da yake waɗannan ƙwayoyin ba sa iya sabunta enzayim ɗin da ya lalata, tasirinsa yana kai kwana bakwai zuwa goma. Wannan alheri ne ga mai toshewa, masifa ce ga mai zubar jini. Babban binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna a rahotonsa na 2018 cewa kusan ɗaya cikin uku na masu cutar a yankinmu zubar jini ne ya same su, kaso da ya zarce na Turai nesa ba kusa ba. Ya kuma nuna cewa hawan jini ne babban sanadi, rikicewar maiƙon jini na biye da shi, yawan cin ganye kuma yana tare da raguwar haɗari.

A cikin ƙwaƙwalwar kanta, da zarar jini ya yanke, tantanin ƙwayoyin jijiya yana fara sakin arakidonik da yawa, abin da Nicolas Bazan ya nuna tun 1970, kuma saƙon da aka saba aikawa kaɗan-kaɗan sai ya zama ambaliya mai ƙara kumburi da mutuwar ƙwayoyi. Daga baya jiki yana ƙera wani rukunin maiƙo daga omega-3, wanda Charles Serhan da Bazan suka bayyana a farkon shekarun 2000, aikinsa shi ne kashe wutar kumburin da share wurin. Har yanzu ba a mayar da waɗannan magani a asibiti ba.

Magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis fa, suna da haɗari ga ƙwaƙwalwa?

Ibufurofen da diklofenak da danginsu duk enzayim ɗin da ke ƙera furostagilandin suke toshewa, kuma furostagilandin ba raɗaɗi kaɗai yake kawowa ba, yana kare bangon ciki, yana taimakon ƙoda, wani nau'insa kuma yana buɗe jijiyoyin jini ya hana daskarewa. Wanda ya mayar da su abincin kullum, kamar yadda wasu 'yan acaba da leburori da tsofaffi masu ciwon gwiwa suke yi, yana iya samun gyambon ciki da hauhawar jini da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A 2004 aka janye Vioxx, wani maganin ciwon jiki na wannan dangi, daga kasuwannin duniya saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Yawan shan maganin ciwon kai ma, idan ya zama kusan kullum, yana iya zama shi ne sanadin ciwon kan. Montelukas na masu asma, wanda ke tare lukotirayin, hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mafi girma a 2020 saboda munanan mafarkai da canjin hali da baƙin ciki da aka gani ga wasu, saboda haka iyaye su lura da yaron da aka ɗora a kansa.

Ruɗewar tsufa tana da nasaba da maiƙo?

Tana da ita, kuma Najeriya na da gurbi a tarihin gano hakan. Kolestarol ɗin jini ba ya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, saboda haka ƙwaƙwalwa nata take ƙerawa, kuma wani furotin mai suna ApoE ne yake dakonsa daga ƙwayoyin da ke hidima zuwa ƙwayoyin jijiya. A 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa wanda ya gaji nau'in ApoE4 ya fi shiga haɗarin cutar Alzheimer, wadda nau'i ce ta ruɗewar tsufa: a tsakanin Turawa, gado daga ɓangare ɗaya yana ninka haɗarin kusan sau uku, daga ɓangaren uwa da uba kuwa kusan sau goma. Amma binciken da aka fara a farkon shekarun 1990 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis, wanda marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka assasa, Farfesa Adesola Ogunniyi kuma ya ci gaba da shi, ya nuna cewa tsofaffin Yarabawa a Ibadan ba su kai baƙaƙen fatar Amurka kamuwa da cutar ba, kuma tasirin ApoE4 a kansu ya fi rauni ƙwarai. Darasin da ke ciki ga ɗalibanmu shi ne, alƙaluman da aka samo daga wata al'umma ba a ɗora su a kan wata ba tare da an gwada ba.

An taɓa sa ran cewa magungunan kashe kumburi za su hana cutar, tunda an lura masu shan su saboda ciwon gaɓoɓi ba su cika kamuwa ba, amma da aka yi gwaji na ƙa'ida ba su hana ba. Dattijon da ya fara manta hanyar masallacin unguwarsu ko sunayen jikokinsa yana buƙatar a kai shi asibiti, domin wasu abubuwan da ke kawo ruɗewa, kamar ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo da illar wasu magunguna, ana iya gyara su.

Cutar makyarkyata fa, da cututtukan da ake gado?

Kowace ƙwayar halitta tana da wurin da take narkar da tsohon maiƙo, kuma idan enzayim ɗin da ke wannan aiki ya samu naƙasu ta gado, maiƙon yana taruwa har ya kashe ƙwayar. Haka cututtukan Tay-Sachs da Gaucher da Niemann-Pick suke, kuma sai yaro ya gaji naƙasun daga uwa da uba yake kamuwa, abin da ya sa irinsu suka fi bayyana a zuriyar da auren zumunci ya yi yawa. Ba su da yawa, amma sun buɗe wata ƙofa: an lura cewa dangin masu cutar Gaucher suna yawan kamuwa da cutar Parkinson, wato makyarkyata, kuma babban bincike na 2009 ya tabbatar da cewa naƙasu a ƙwayar gadon GBA1 yana cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarinta. A 2023 wani bincike da 'yan Najeriya da yawa suka shiga cikinsa, wanda Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa, ya gano wani sabon nau'i na wannan ƙwayar gado da ya yawaita a tsakanin 'yan asalin Afirka ta Yamma, wanda kusan ba a ganinsa a Turawa.

Akwai maganin da aka ƙera musamman don ya taɓa irin wannan saƙo?

Akwai. Fingolimod, wanda aka samo asalinsa daga wani sinadarin naman gwari, aka kuma amince da shi a 2010, yana kwaikwayon wani saƙon sifingolifid ne, sai ya tsare fararen ƙwayoyin jini a cikin kaluluwa don kada su je su ci mayelin. Cutar da ake ba da shi dominta, wato multiple sclerosis, wadda a cikinta garkuwar jiki ke cin mayelin, ba ta yawaita a ƙasashenmu kamar a arewacin Turai ba.

Me ya sa wasu masu jego suke shiga damuwa mai tsanani bayan haihuwa?

Dalilan suna da yawa, daga rashin barci zuwa rashin mataimaki da matsin gida, amma akwai na sinadari a ciki. Daga kolestarol jiki yake ƙera furojestaron, daga shi kuma ake samun alofiregnanolon, wanda ke ƙarfafa makarɓan da ke kwantar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Yana hauhawa sosai a lokacin goyon ciki, sai ya faɗi warwas cikin 'yan kwanaki bayan an sauka, kuma ƙwaƙwalwar wasu matan ba ta saurin daidaita kanta da wannan faɗuwa. A kan wannan fahimta aka yi maganin da Amurka ta amince da shi a 2019, wanda aka riƙa ɗurawa ta jijiya na sa'a 60 kafin a daina sayar da shi a ƙarshen 2024, sannan a 2023 aka amince da na haɗiya na kwana 14. Ko babu waɗannan, akwai magunguna da shawarwarin da ke aiki a asibitocinmu. Ƴar damuwa da kuka na kwanakin farko abu ne da aka saba gani yana wucewa, amma maijegon da ta haura mako biyu ba ta barci ko cin abinci, ko take ƙin jaririnta, ko take maganar da ba ta kan hanya, tana buƙatar likita da gaggawa. Yi mata addu'a da kai ta asibiti ba sa karo da juna, kuma kakanni da gwaggwannin da ke zaman jego su ne suka fi kowa damar fara lura.

Wane abinci ne ke ba ƙwaƙwalwa maiƙon da take buƙata?

George da Mildred Burr sun nuna tun 1929 cewa akwai man da jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai an ci. Iri biyu ne, omega-6 da omega-3. Na farkon ba mu da ƙarancinsa, domin man gyaɗa da riɗi da masara duk suna da shi. Na biyun ne abin dubawa, musamman DHA, wanda ya cika tantanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na ido, kuma yake taruwa da sauri a watanni ukun ƙarshe na ciki da shekaru biyun farko na rayuwa. Man gyaɗa da manja kusan babu omega-3 a cikinsu. Waken suya da mansa suna da wani nau'i nasa, amma kaɗan ne ƙwarai jiki yake iya mayarwa DHA. Inda yake da yawa shi ne kifin teku mai maiƙo, irin titus da shawa da sadin da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada, tarwaɗa da karfasa kuwa suna da shi amma bai kai na waɗancan ba, ƙwai ma yana ba da ɗan abin da ya samu. Nonon uwa yana ɗauke da DHA gwargwadon abin da uwar take ci, saboda haka kifi a tukunyar mai ciki da mai shayarwa ya fi a ba maigida shi kaɗai. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi kuwa gara a zubar.

In sayi ƙwayoyin man kifi da ake tallatawa don ƙarin basira?

Gwaje-gwajen da aka yi a kan tsofaffi masu lafiya ba su nuna cewa ƙwayoyin omega-3 suna hana ruɗewa ko ƙara kaifin tunani ba. Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya bi bayanin da ya gabata: ƙwaƙwalwa ita ke yanke shawarar lokacin da za ta yanko saƙo da wurin da za ta aika shi, kuma tana da ƙofa ta musamman da take shigar da DHA, wadda masana a Singafo suka bayyana a 2014. Cika jini da mai ba ya tilasta mata aika saƙon da ba ta buƙata. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi kifin da gida duka zai ci.

Maganin rage kolestarol ba zai cinye na ƙwaƙwalwa ba?

Da yake ƙwaƙwalwa nata take ƙerawa a bayan shinge, saukar na jini ba ya nufin nata ya ƙare. Wasu ƙalilan sun ba da rahoton mantuwa mai wucewa, amma manyan gwaje-gwaje ba su nuna cewa magungunan sitatin suna lalata tunani ba, sun dai nuna suna rage shanyewar jiki ta toshewar jijiya. Wanda ya ji wani canji bayan ya fara sha ya koma wa likitan da ya rubuta masa.

Akwai gwajin da zan yi a Zariya in san matsayin waɗannan sinadarai a ƙwaƙwalwata?

Gwajin maiƙon jini da ake yi a ɗakunan gwaji yana auna kolestarol da kitsen da ke yawo a jini ne, kuma yana da amfani wajen sanin haɗarin toshewar jijiya, amma ba ya faɗin komai game da anandamayid ko furostagilandin da ke cikin kai. Waɗannan suna bayyana ne su ɓace cikin ɗan lokaci a wuri ɗan ƙanƙane, kuma auna su aikin ɗakin bincike ne da na'urori masu tsada, ba gwajin asibiti na yau da kullum ba, a nan ko a waje. Duk wanda ya ɗora muku wata na'ura a tafin hannu a bakin kasuwa ya ce ta nuna man ƙwaƙwalwarku ya ragu, sannan ya ciro kwalbar da zai sayar muku, kuɗinku yake nema. Gwaje-gwajen da suke da tasiri a kan lafiyar ƙwaƙwalwa kuma ake samunsu a kusa su ne awon hawan jini da na sukari da na maiƙon jini, sai gwajin zazzaɓin cizon sauro ga yaro mai zafin jiki, da sanin rukunin jini na sikila kafin aure, tunda sikila na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa yara shanyewar ɓarin jiki a ƙasar nan.